Dawowar Magana Bayan Raunin Ƙwaƙwalwa: Jinyar Michael Watson a Idon Mai Nazarin Harshe

Gabatarwa

A labaran mutanen da suka tsira daga mummunan rauni a ka, akwai jimlar da da wuya a rasa ta: "sannu a hankali maganarsa ta dawo." Ɗan jarida yakan rubuta ta ya wuce, mai karatu ya yi hamdala shi ma ya wuce. Mai nazarin harshe ne bai kamata ya wuce ba, domin cikin wannan gajeriyar jimla akwai tambayoyin da suka shafi fanninsa kai tsaye. Mene ne ya tafi tun farko: murya, ko kalmomi, ko ginin jimla, ko sanin abin da ya dace a faɗa? Wanne ya riga wanne dawowa? Da wane ma'auni aka tabbatar ya dawo, kuma cikin wane harshe aka auna?

Wannan maƙala ta ɗauki jinyar Michael Watson, ɗan damben zamani na ƙasar Ingila wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa a 1991 yana da shekara 26, ta mai da ita mashiga. Manufarta ta nuna cewa abin da ake kira magana hawa-hawa ne, kowane hawa yana iya lalacewa shi kaɗai, kuma kowanne yana warkewa da nasa saurin. Daga nan za ta duba abin da hakan yake nufi ga majinyacin da Hausa ce harshensa.

Abin da ya sami Watson

Ran 21 ga Satumba 1991, a filin ƙwallo na White Hart Lane da ke Landan, Michael Watson ya kara da Chris Eubank domin neman kambin duniya na hukumar WBO. Karawarsu ta biyu ke nan a shekarar. Eubank ne ya ci ta farko da maki a watan Yuni. A wannan dare kuwa Watson ne ke gaba. A turmi na 11 ya kai Eubank ƙasa. Eubank ya miƙe, ya ɗago masa naushi ɗaya daga ƙasa zuwa haɓa, Watson ya faɗi da baya, ƙeyarsa ta bugi igiyar fage. Ya tashi ya shiga turmi na 12, amma alƙalin wasa ya tsayar da damben jim kaɗan da farawa. Ba a daɗe ba ya yanke jiki ya faɗi.

Ba a yi masa taimakon farfaɗowa a bakin fage ba. An fara kai shi asibitin North Middlesex, daga can aka wuce da shi asibitin St Bartholomew, inda likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Peter Hamlyn ya buɗe ƙoƙon kansa ya cire jinin da ya taru. Ya yi kwana 40 cikin doguwar suma, an yi masa tiyata sau shida. Bayan ya farfaɗo ya kwashe fiye da shekara guda a asibiti, sannan ya yi kimanin shekara shida a keken guragu, yana sake koyon motsi da magana da rubutu.

A 1999 babbar kotun Ingila ta yanke hukunci cewa hukumar damben Birtaniya ta yi sakaci, domin haƙƙinta ne ta tanadi kayan farfaɗo da mutum da likitocin da suka iya aiki da su a gefen fage. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2000. A watan Afrilun 2003 Watson ya kammala gudun fanfalaki na Landan, kilomita 42 da ɗoriya, da tafiyar ƙafa, cikin kwana shida, yana tara kuɗi ga gidauniyar kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa da laka. Hamlyn ya raka shi, Eubank ma ya taka tare da shi a ƙarshen hanya. Tsakanin daren damben da wannan rana akwai fiye da shekara 11. A yau Watson yana hira da ƴan jarida, yana jawabi a gaban jama'a.

Abin da ke faruwa cikin ƙoƙon kai

Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi da ke zaune cikin ruwa, a cikin akwatin ƙashi wanda ba ya buɗewa. Idan naushi ya juya kai da ƙarfi, ƙashin yakan riga ƙwaƙwalwar motsawa. Wannan saɓani na iya tsinka ƙananan jijiyoyin jini da suka ratso tsakanin ƙwaƙwalwa da kakkauran tantanin da ya lulluɓe ta. Jini ya riƙa taruwa a ƙarƙashin tantanin, kuma tun da ba shi da mafita sai ya danne ƙwaƙwalwar. Irin wannan taruwar jini ce ta sami Watson. Shi ya sa mutum kan iya tashi bayan bugu, ya yi magana, har ya ci gaba da wasa, sannan ya faɗi bayan ƴan mintoci.

Likitoci suna raba ɓarnar gida biyu. Ta farko ita ce wadda bugun ya yi nan take, wadda ba a iya mayar da ita. Ta biyu ita ce wadda ke biyo baya saboda kumburi da matsi da ƙarancin iskar oksijin, kuma ita ce ake iya ragewa idan aka yi hanzari. A kan wannan ta biyun shari'ar Watson ta ginu.

Akwai abu biyu da suka bambanta irin wannan rauni da shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiyar jini ke haddasawa. Na ɗaya, ɓarnar ba ta cika tsayawa wuri guda ba: zaruruwan da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa sukan miƙe su tsinke a wurare da yawa. Na biyu, sashen goshi da sassan da ke daidai kunnuwa sun fi shan wahala, domin suna gogar ƙashi mai kaushi. A waɗannan sassa ne ake sarrafa kalmomi, da tuni, da tsara tunani, da kame kai.

Ma'aunin Glasgow: tsanin da mai nazarin harshe zai gane

A 1974 wasu likitoci biyu na Jami'ar Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin zurfin suma wanda asibitocin duniya ke aiki da shi har yau. Yana duba buɗe ido, da motsin jiki, da amsa ta baki. A sigarsa ta yanzu jimlar maki tana tsakanin 3 da 15, kuma daga 8 zuwa ƙasa ana ɗaukar raunin mai tsanani ne.

Sashen amsa ta baki yana da matakai biyar. Maki 1: babu sauti. Maki 2: sauti ba kalma, kamar nishi. Maki 3: kalmomi a warwatse, ba su zama zance ba. Maki 4: jimloli cikakku amma a ruɗe. Maki 5: mutum ya san ko shi wane ne, ina yake, wane lokaci ake ciki. Duk ɗalibin da ya duba jerin nan zai ga tsarin darussansa: furuci, sannan kalma, sannan jimla, sannan dacewar zance da muhallinsa. Likitocin ba nazarin harshe suka zauna yi ba. Abin da suka gani a gefen gado ne ya kai su ga wannan jeri. Sauran maƙalar za ta bi tsanin nan daga ƙasa zuwa sama.

Hawa na farko: furuci da karin sauti

Fitar da gaɓa ɗaya tak na bukatar huhu da maƙwallato da hanɗa da harshe da leɓɓa su yi aiki tare cikin ƙiftawar ido. Idan rauni ya taɓa hanyoyin da ke kai umurni ga waɗannan gaɓoɓi, sai furuci ya yi nauyi, ko ya riƙa fita ta hanci, ko murya ta shaƙe, ko ta miƙe a kan amo ɗaya. Wannan shi ake kira dizartiriya. Mai ita ya san kalmar da yake nufi, yana iya rubuta ta idan hannunsa na aiki. Fitar da ita ce ke gagara. Tana yawan biyo bayan mummunan rauni a ka, kuma takan daɗe.

Nauyin wannan matsala ya danganta da harshen da mutum ke yi. Hausa tana ɗora ma'ana a kan abubuwa uku masu bukatar tsananin daidaito. Na farko hamzatattun baƙaƙe: kafin a furta /ƙ/ sai an rufe tantanin maƙwallato, an ɗaga shi sama, an saki toshiyar hanɗa a daidai lokacinta. In daidaiton ya kuskure, *ƙafa* ta zama *kafa*, *baƙi* ya zama *baki*, *faɗa* ya zama *fada*. Na biyu tsawon wasali, wanda shi kaɗai ya raba *gàrii* da *gàarii*. Na uku karin sauti: *kuukaa* na hawaye da *kuukàa* ta miya, *wuyàa* na jiki da *wùyaa* ta rayuwa, *maataa* da *màataa*. Karin sauti da tsawon wasali sun shiga har cikin nahawu: *yaa tàfi*, *yà tàfi* da *yâa tàfi* lokuta uku ne daban, ko da yake rubutun yau da kullum ya haɗe su. Bafaranshen da muryarsa ta miƙe a kan amo ɗaya zai yi kama da wanda ya gaji. Bahaushen da hakan ta same shi zai rasa bambancin "ya riga ya tafi" da "a bar shi ya tafi."

Binciken da Jack Gandour ya yi a kan masu harshen Tailan, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti, ya nuna cewa rauni a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya fi ɓata karin sautin kalma fiye da rauni a ɓarin dama. Wato ƙwaƙwalwa tana ɗaukar karin da ke bambanta ma'ana a matsayin sashen harshe, ba ta ajiye shi wuri ɗaya da amon waƙa ba.

Ɓacin kari yana da sakamako har a zaman jama'a. A 1947 likitan ƙasar Norwe, Monrad-Krohn, ya ba da rahoton wata mata da ɓarɓashin bom ya sama a ka a 1941. Ta warke tana magana, amma hawa da saukar muryarta sun canja, har mutane suka riƙa ɗaukar ta Bajamushiya, a lokacin da Jamus ke mamaye da ƙasar. Masu kanti suka riƙa ƙin sayar mata da kaya.

Hawa na biyu: kalma da jimla

A 1861 Paul Broca ya gabatar a Paris da ƙwaƙwalwar wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda ya shekara da shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓar "tan", alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. An sami ɓarnar a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke ya bayyana kishiyar wannan: majinyata masu zuba magana ba tangarɗa amma ba ma'ana, waɗanda ba sa fahimtar ta wasu, ɓarnarsu kuwa tana can baya daidai kunnen hagu. Wannan rashi na harshe kansa, ba na gaɓoɓin furuci ba, shi ake kira afaziya. A wajen fiye da tara cikin goma na masu amfani da hannun dama, ɓarin hagu ne ke riƙe da harshe.

Roman Jakobson ne ya jawo batun cikin ilimin harsuna sosai. A maƙalarsa ta 1956 ya ce magana tana tafiya bisa ayyuka biyu, zaɓi da haɗi, kuma afaziya takan fi taɓa ɗaya daga ciki. Wanda zaɓi ya gagara yakan yi ta kewaye: "wannan abin, na yanka, na ɗakin girki," wuƙa ta ƙi zuwa. Wanda haɗi ya gagara yana da kalmomin amma sun zube ba ɗauri. Bayan rauni irin na bugu, ɓacewar sunaye ita ce ta fi yawa, kuma takan saura bayan sauran alamomi sun gushe.

A harsunan Turai an daɗe da sanin cewa mai matsalar haɗi yakan zubar da ƙananan kalmomin nahawu da ɗafe-ɗafen fi'ili. Ginin Hausa ya sa tambayar ta ɗauki wata siga. Lokaci a Hausa yana zaune ne a kan lamirin da ke gaban fi'ili: *Audu ya tafi, Audu zai tafi, Audu yakan tafi.* In lamirin ya zube, lokaci da jinsi da adadi sun zube tare. Korewa tana da ƙafa biyu, *bai tafi ba*. Wace ƙafa ce za ta riga faɗuwa? Jam'i yana da sigogi barkatai, *gidaje, dawaki, jirage, littattafai*, waɗanda yawancinsu sai an haddace. Giredin fi'ili da F. W. Parsons ya tsara a 1960 suna canja ma'ana da ɗan ƙaramin sauyi a ƙarshen kalma, har *sayi* da *sayar* su zama kishiyoyi. Kowane ɗaya daga waɗannan wuri ne da rauni zai iya bayyana, kuma gwajin da aka gina a kan nahawun Faransanci ba zai leƙa ko ɗaya ba.

Akwai kuma tarkon da ya kamata a sani. Tun ƙarni na 19 likitan Ingila John Hughlings Jackson ya lura cewa maganar da baki ya saba da ita takan tsira ko da maganar da mutum ke ƙirƙira ta tafi: ƙirga, kwanakin mako, addu'o'in da aka haddace, gaisuwa, har da zagi. Gaisuwar Hausa doguwa ce kuma amsoshinta a shirye suke. Majinyaci na iya amsa "ina kwana", da "ina gajiya", da "yaya jiki", duk daidai, dangi su fita suna murna ya warke, alhali in an ce ya faɗi abin da yake so a kawo masa daga gida ba zai iya ba.

Hawa na uku: zance da muhalli

Mafi yawan waɗanda suka tsira daga rauni irin na Watson ba sa ƙarewa da afaziya irin ta Broca ko ta Wernicke. Suna iya cin gwajin sunaye da na jimla, amma iyalinsu su ce ba shi ba ne. Abin da ya taɓu shi ne hankalin da ke tuƙa zance: riƙe abin da aka faɗa minti biyu da suka wuce, tsayawa kan batu ɗaya, jera labari daga farko zuwa ƙarshe, sanin lokacin karɓar magana da na sakinta, gane wasa da habaici da gugar zana. Ɗalibin da ya karanta ƙa'idojin haɗin kai a zance na Paul Grice, na 1975, zai ga ana karya su ɗaya bayan ɗaya ba da niyya ba: a faɗi fiye da abin da ake bukata ko ƙasa da shi, a kawo abin da bai shafi batu ba, a maimaita.

Wannan hawa ne ya fi tsada a rayuwa, domin shi ke raba mutum da aikinsa da abokansa, kuma shi ne ba a gani a hoton asibiti na yau da kullum. A al'ummar da ta ɗora mutunci a kan kunya da kawaici, tsadar ta ninka. Saurayin da sashen goshin ƙwaƙwalwarsa ya taɓu zai iya katse maganar dattijo, ko ya kira surukinsa da suna, ko ya ɗauki karin magana a zahirinta. Ba za a ce rauni ba ne. Za a ce ya lalace, ko ya taɓu, ko an yi masa sammu. Ta ɗaya gefen kuma mai gwaji da bai san al'ada ba zai iya yin kuskuren da ya juya: matar da ta ƙi faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ko yaron da ya sunkuyar da kai ya yi shiru gaban babba, a rubuta musu ɓacewar suna ko rashin fahimta, alhali alkunya ce.

Majinyaci mai harsuna da yawa

Watson da Ingilishi kaɗai aka yi jinyarsa. Matashin Maraɗi ko Tawa ko Yamai kuwa yana iya zuwa da Hausar gida, da Zabarmancin unguwa, da Faransancin makaranta, da Larabcin allo. Wanne zai fara dawowa? Théodule Ribot, a farkon shekarun 1880, ya ce abin da aka fara koyo shi ya fi jure ɓarna. Albert Pitres, a 1895, ya ce harshen da mutum ya fi amfani da shi kafin rauni shi ke rigan dawowa. Aikin Michel Paradis na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna cewa babu ɗayan biyun da ya zama doka: mafi yawanci harsunan kan dawo tare, amma wani lokaci ɗaya ya riga, ko ɗaya ya ƙi dawowa sam. Shi da abokan aikinsa sun bayyana wata mata a Maroko, mai Faransanci da Larabci, wadda bayan hatsarin babur ta riƙa samun harshe ɗaya yau, ɗayan gobe. Darasin da ke ciki a fili yake: wanda aka gwada da Faransanci kaɗai, ba a san halin da Hausarsa ke ciki ba.

Dalilin tsawon jinya

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa. Sauƙin da ake gani a makonnin farko yawanci na sacewar kumburi ne da farkawar sassan da suka firgita ba su mutu ba. Bayan wannan sai aiki mai wuya: sassan da suka tsira su ƙulla sababbin hanyoyi, su ɗauki aikin da ba nasu ba ne a da. Wannan ƙulli ba ya samuwa sai da maimaici, kamar yadda turba ba ta fitowa a daji sai da yawan bi. Ci gaba ya fi sauri a watanni shida zuwa shekara ta farko, daga nan ya ragu, amma ba lalle ya tsaya ba. Mutumin da ya shekara shida a keken guragu sannan ya taka kilomita 42 hujja ce a kan haka.

Ƙuruciya da ƙarfin jiki suna taimakawa, haka ma sabon ɗan wasa da horo na kullum. Amma ƙuruciyar tana da nata nauyi: ɗan shekara 26 da ya rasa sana'arsa a dare ɗaya yana da shekaru masu yawa a gaba da zai rayu da abin da ya saura. Shi ya sa aikin likitan gyaran magana, wanda ake kira ortofonis da Faransanci, ba ya ƙarewa ran da aka sallami majinyaci, kuma rabin aikin koya wa iyali ne: su yi gajerun jimloli, su jira amsa, kada su ƙarasa masa kalma, kada su yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan.

Inda mai nazarin Hausa ya shigo

A duniya baki ɗaya hatsarin hanya da faɗuwa ne manyan musabbaban raunin ƙwaƙwalwa, kuma samari maza suna cikin waɗanda abin ya fi samu. Ɗan kabu-kabun da ba ya sa hular kwano da ɗan damben gargajiya da ke neman kisa a fage duk suna cikin wannan sahu. Hukuncin shari'ar Watson ya shafi kowane fage da ake naushi a cikinsa: a tanadi taimakon gaggawa kafin a buga ganga. Wannan aikin hukuma ne da likitoci. Abin da ke biyo bayan farfaɗowa kuwa yana da gurbin da mai nazarin harshe ne kaɗai zai cike shi.

Sanannun gwaje-gwajen magana an gina su ne a wasu harsuna, domin wasu al'ummu. Gwajin sunaye na Boston yana da hotuna 60, cikinsu har da ɗakin ƙanƙara na mutanen ƙarshen arewacin duniya. Gwajin Montréal-Toulouse na 1986 a kan Faransanci ya tsaya. Wani gwajin da ya yaɗu yana neman mutum ya jero kalmomin da suka fara da harafin F cikin minti ɗaya. Yaya za a yi da wanda bai yi boko ba, ko mutumin Adar da ke cewa *hwara* da *hita*? Ko tambayar "wane wata ake ciki" ta ma'aunin Glasgow tana iya cutar manomin da lissafinsa na watan Azumi ne da watan Layya. Fassara ba ta magance wannan, domin kalmar da ke da sauƙi a Faransanci tana iya zama baƙuwa a Hausa, kuma abin da Hausa ke bambantawa da kari Faransanci bai san da shi ba. Wannan ne ya sa Paradis, a gwajinsa na masu harshe biyu na 1987, ya dage cewa kowane harshe a sake gina masa gwajin bisa tsarinsa.

Ayyukan da ake bukata ba su fi ƙarfin kundin digiri na biyu ba. Ana bukatar jerin hotunan abubuwan da kowa ya sani, an tantance sunayensu a Damagaram da Gobir da Adar da Arewa, domin kada *shina* da *munka* su zama kuskure a takardar mai gwaji. Ana bukatar jerin tagwayen kalmomi na kari da tsawon wasali da hamza, an naɗe su da muryoyi daban-daban. Ana bukatar a auna lafiyayyun mutane, masu boko da masu allo da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba, domin sai an san daidai ake gane karkace. Ana bukatar hanyar auna ba da labari da fahimtar karin magana da habaici. Akwai kuma tambaya ta musamman ga masu tsarin sauti: wata hanyar jinya da aka ƙirƙiro a Boston a 1973 tana sa majinyaci ya rera jimla kafin ya faɗe ta, a harshe mai kari, dole rerawar ta bi karin kalmomin, in ba haka ba a koya wa mutum *kuukaa* a wurin *kuukàa*. Duk wannan sai da haɗin gwiwar likitoci, da yardar majinyaci da iyalinsa, da ɓoye sunansa.

Kammalawa

Maƙalar ta bi jinyar Michael Watson daga bugun da ya tara jini a kansa zuwa shekarun da ya yi yana sake koyon motsi da magana, ta kuma nuna cewa dawowar magana tana da matakai: furuci da kari, kalma da jimla, sannan zance da muhallinsa. Kowane mataki yana da irin ɓarnarsa da irin gwajinsa, kuma mataki na ƙarshe, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ya fi shafar zaman mutum da jama'arsa. Watson ya yi jinya cikin harshen da aka daɗe da gina wa kayan awo. Saurayin da za a kwantar a asibitin Maraɗi ko na Damagaram bayan faɗuwa daga babur yana bukatar irinsu cikin Hausa, a karin garinsu, kuma waɗanda suka san inda Hausa ke ajiye ma'anarta su ne za su iya gina su.